Kebbe, Ba Kebbi Ba

"Rufa'i, leƙa mani waje. Wanga ba kukan Duna ba na?"

Malam Rufa'i ya san ba Duna ba ne. Shanun unguwa ne ke dawowa daga kiwo, suna bi ta lungu suna goga jiki da katanga kamar yadda suka saba. Amma tunda Baba Ubaidu ya ce a leƙa, sai ya miƙe ya tsaya a ƙofar zaure har garken ya wuce, sannan ya dawo bakin tabarma ya zauna.

"Ba su ba na, Baba."

"To," in ji tsohon, ya mayar da fuskarsa wajen bango.

Katanga guda ce tsakanin gidan Malam Rufa'i da na Baba Ubaidullahi a nan Kebbe, kuma katangar ma ta gajarce har matan gidajen suna miƙa wa juna garwashi ta samanta. Tun da aka dawo da tsohon daga asibiti a Tambuwal, inda likita ya ja Rufa'i gefe ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a, ya ƙi kwanciya a ɗaki. Ya ce a shimfiɗa masa a zaure, inda zai ji iska, ya ji masu tafiya masallaci, ya ji shanu. Mutumin da a da yake ɗaukar damin dawa da hannu guda, yanzu in an tallafe shi sai ka ji kamar tabarma ka naɗe.

Duna da Jatau bijimansa ne na huɗa, baƙi da ja. Da ruwa ya sauka sosai, ɗansa Lawwali ya kora su zuwa Tungar Dunya don ya yi wa ƙanwarsa Zulaihat huɗa, don mijinta ya rasu bara ya bar ta da gona da yara ƙanana. Tafiyar ba ta kai wuni ba a ƙafa. Rafi guda ake ƙetarawa, rafin da iyaye da kakanni suka yi ta ƙetarawa ba wanda ya ce musu kanzil. Sai dai rafin nan shi ne iyakar jihar Sakkwato da jihar Kebbi, kuma a daminar nan an sa doka a kan shigo da shanu da fitar da su, saboda ɓarayin da suka addabi mutane. 'Yan sa-kai suka tare Lawwali kafin ya kai gonar, suka tisa ƙeyarsa zuwa caji ofis, shi da bijiman.

Tun ranar Baba Ubaidu bai tambayi ɗansa ba ko sau ɗaya. Shanu kawai yake tambaya. Baƙo zai ɗauka tsohon ya fi son dabba a kan mutum, amma duk unguwar ba wanda ya ɗauka haka. Lawwali ɗan fari ne, kuma Baba Ubaidu mutumin da ne mai kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "mai shanu", ga shi yaron nan har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Saboda haka duk sanda ya ce Duna, kowa ya san wa yake nufi, kuma abin yana taɓa zuciya fiye da a ce kuka ya yi.

Najiba, matar Rufa'i, ta shigo da kunu a kwanon sha. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi ludayi biyu, na uku ya girgiza kai. Da suka fito waje ta tare mijinta a bakin ƙofa.

"Malam, tsohon nan ba kunu shika jira ba. In ba ka tashi ka je ba, wa za ya je? Kai ad da bakin magana."

Nan kam ba ta yi ƙarya ba. Malam Rufa'i malamin firamare ne, kuma Allah ya ba shi baki. Ya yi imani babu ƙofar da magana ba ta buɗewa, in dai an san ta inda za a zagayo mata. Shi ne mai sasanta manomi da makiyayi kowa ya tafi yana ganin shi ya ci. Ba ya ƙarya, shi dai a faɗarsa, sai dai ya iya ajiye gaskiya a inda ba za ta tsare wa kowa hanya ba.

Da gari ya waye ya nemi izini a makaranta, ya hau babur ɗinsa.

Hanyar ta sha ruwa. Inda ba taɓo akwai rami, inda ba rami akwai taɓo. Da ya kai rafin sai ya sauka, ya naɗe wando, ya tura babur ruwa na dukan gwiwarsa. A tsakiya ya tsaya ya duba gaba ya duba baya, yana neman inda Sakkwato ta ƙare Kebbi ta fara. Bai ga komai ba sai wata mata tana wanki, ta shanya rabin kayanta a wannan gaɓa, rabi a waccan. Ya yi mata sannu, ya wuce.

A gaban caji ofis ɗin ya fara ganin bijiman, an ɗaure su a gindin dogon yaro, sun rame a ido. Zulaihat na zaune nesa kaɗan da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Tana ganinsa ta taso.

"Malam, ƙaƙa jikin Baba?"

"Da sauƙi," in ji shi, don haka ake cewa.

Ta dube shi, ya kau da kai. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Sufeton da ke riƙe da wurin baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba, daga can gabas aka turo shi. Dogo ne, mai natsuwa, Hausarsa irin ta rediyo. Kusa da shi wani kofur ne ɗan ƙasar, mai tsagar Kabawa a kumatu. Rufa'i ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi addu'ar Allah ya ƙara girma, ya yaba yadda aka share harabar ofis. Sufeto ya bar shi har ya gama.

"Malam, ni ba na son tsare mutum a banza," in ji shi. "Amma mutumin naku ne ya ƙi ba da haɗin kai. Ina tambayarsa daga wane gari ya taso da shanu, sai ya ce min Kebbi. Na ce na san muna Kebbi, wane gari? Ya sake ce min Kebbi. Kai ma na tambaye ka, daga ina ya taso?"

"Daga Kebbe, ranka ya daɗe."

"Ka ji ko! Duk haka kuke. To shi ke nan, na gane, mutanen karkara ne, sunan jiha kuka riƙe. In dai daga cikin Kebbi ya taso, ai bai ƙetara iyaka ba. Dokar ta masu shigowa da shanu daga wata jiha ce. Abin da ya rage kawai in ji daga bakin mai shanun cewa nasa ne, ba na sata ba. In ya tabbatar min, mutuminku ya kama hanya yanzu."

Nan take Rufa'i ya gano inda aka samu kuskure. Wasali guda! Mutumin nan bai san akwai wani gari Kebbe a cikin Sakkwato ba, kunnensa Kebbi kawai yake ji. Ya saci kallon kofur. Kofur, wanda ƙila a kasuwar Kebbe yake sayen goro, ya ɗaga kai yana nazarin rufin ofis kamar yau ya fara ganinsa.

"Ranka ya daɗe, bari in nemo inda waya ke kamawa."

Ya fita bayan ofis ya kira Najiba, ya ce ta shiga ta kanga wa Baba waya a kunne.

"Baba, ni na, Rufa'i. Allah ya kawo muna mafita. Babban ɗan sanda za ya yi magana da kai. Ka ce shanu naka na. In ya tambayi gari, ka ce Kebbe, ka yi shiru. Kada ka ƙara komai bisa. Ba ƙarya ba ta, Baba, ai Kebbe muke."

Ya ji numfashin tsohon a waya, mai nauyi, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Rufa'i ya koma cikin ofis.

Aka fito da Lawwali daga ɗakin tsaro, aka tsayar da shi bakin kanta, idanunsa sun yi ja. Rufa'i ya buɗe muryar wayar ya ɗora ta a kan tebur.

"Salamu alaikum, Baba. Sannu da jiki," in ji sufeto. "Akwai bijimai biyu a hannunmu. Naka ne?"

"Nawa na. Baƙin, Duna, kunnenai na hagu a tsage, ƙaya ta tsage shi yana maraƙi. Jan, Jatau, ba shi cin dusa in ba a jiƙa ta ba. In kun ba shi busassa, yunwa shika kwana da ita."

Sufeto ya yi murmushi. "To, wanda ya koro su fa, me sunansa?"

Sai tsohon ya ce, "Malam Rufa'i na nan. Shi faɗa maka."

Sufeto ya ɗaure fuska, sai kofur ya sauko da idonsa daga rufi ya matso. "Ranka ya daɗe, ɗan farinai na. Ba shi kama sunanai."

"Af, to, na gane. Allah ya ba da haƙuri, Baba. Tambaya ta ƙarshe. Kai mutumin nan Kebbi ne, ko?"

Rufa'i ya zuba wa wayar ido. Kalma guda ta rage.

"Kebbe nac ce, ɗana, ba Kebbi ba. Kebbe ta Sakkwato, gaba da Tambuwal. Nan inda kake zaune, mu Kabi muka ce mashi. Shanun ga sun ƙetara rafi. Ni nas sa anka ƙetara da su."

Kofur ya koma kallon rufi. Sufeto ya daɗe yana duban wayar, sannan ya dubi Rufa'i, kallon da ya sa malamin jin kamar shi ne ɗalibin da aka kama da amsa a tafin hannu.

"To, Baba, ka ɗaure min hannu," in ji sufeto a hankali. "Yanzu magana ta fi ƙarfina. Sai kotu."

Rufa'i ya fito ransa a ɓace ƙwarai. Ya yi tattaki cikin taɓo, ya buɗe ƙofa da dabara, tsoho na kwance ya sa ƙafa ya rufe ta. Ya tsaya kusa da bijiman ya sake kira, kuma a karon farko a rayuwarsa ya ɗaga wa Baba Ubaidu murya.

"Baba, don mi? Da yanzu muna bisa hanya! Da kafin la'asar shina gabanka! Yanzu wa ya san ranar da kotu za ta zauna? Kai kuma..."



"Ni kuma ba ni da kwanaki. Faɗi, ai na sani." Tsohon ya yi tari, aka ji Najiba na yi masa sannu. "Rufa'i, ɗiyata can take, ɗiyanta can suke, gonarsu can take. Baɗi ma sai an ƙetara rafin ga da shanu, baɗin waccan ma haka, sannan ba ni nan. In anka sako shi bisa kuskuren kunne, gobe wani mai kunne ya kama shi. Gara a faɗa muna tun ina ji: zuwa yi ma 'yar'uwa huɗa laifi na, ko ba laifi ba na? In laifi na, mu sani."

"In kuma ba ku gana ba fa?"

"To mun gana gaba. Amma ba ni son shi shigo mani da abin da zan kasa kallonai."

Rufa'i ya kashe wayar. Ya so ya ci gaba da fushi, fushin ya ƙi zama. Ya nemo dusa wajen Zulaihat, ya jiƙa ta da ruwa, ya ajiye wa Jatau. Yana tsugune yana kallon bijimin na ci sai ya ji takalmi a bayansa.

"Malam," in ji sufeto, "ka san na kusa sakinsa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma ka san da ni za a tuhuma daga baya?"

Wannan kam Rufa'i bai yi tunaninta ba. Ya sunkuyar da kai.

"Jikin tsohon nan ya yi tsanani sosai?"

"Ƙwarai."

"Na yi magana da rajistaran kotu. Ba sai mako mai zuwa ba. Gobe da safe, su ne na farko."

Kotun ɗaki guda ce mai benci, fanka a sama ba ta juyawa. Alƙalin dattijo ne mai tabarau a kan hanci, irin mutanen da ba sa gaggawar komai. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tashi ya ce magana a fili take: shanu sun taso daga wata jiha, sun shigo wannan, mai su ma ya amsa da bakinsa. Ƙetarawa ƙetarawa ce.

"Karanta min dokar," in ji alƙali. "A hankali."

Aka karanta. An hana shigo da shanu ko fitar da su daga jiha zuwa jiha domin fatauci.

"Domin me?"

"Domin fatauci, ranka ya daɗe."

"To, ashe ba ƙafar saniya za mu tambaya ba, niyyar mai kora ta za mu tambaya." Ya juya ga Lawwali. "Kasuwa za ka kai su?"

"A'a, Allah gafarta malam. Gonar ƙanwata."

"Aikin lada ma ciniki ne. In ka kai shanu wata jiha kana huɗa ana biyanka, ka yi fatauci da ƙarfinsu. Tana ba ka wani abu?"

Rufa'i, daga bencin baya, ya yi ta girgiza kai a hankali yana zare ido. Lawwali bai ko dube shi ba.

"Takan aiko da damin gero in anka yi kaka."

Rufa'i ya dafe goshi. Gidan nan dai an gaji abin, in ji shi a ransa. Mai gabatar da ƙara har ya fara gyara tsayuwa.

Alƙali ya sa aka kira Zulaihat. Ta tsaya ta ja mayafi.

"Damin nan kuɗin huɗa ne?"

"A'a, Allah gafarta malam. Na Baba na. Tun shekarar da anka kawo ni garin ga nika aika mashi, tun mai gidana na da rai yana huɗa da shanunai. Baba na son furar sabon gero."

"In ba a yi miki huɗa ba bana, za ki aika?"

"In na samu ko zangarniya guda ta, sai na aika."

Sufeto ya nemi izini ya miƙe. Ya ce shi dai abin da ya gani zai faɗa: jiya saura kaɗan ya saki mutumin nan bisa kuskuren ji, mai shanun ne da kansa, yana kwance ba lafiya, ya gyara masa. Ya ce bai taɓa ganin ɓarawon shanu ko ɗan fasa-ƙwauri ya yi haka ba. Bai ambaci Rufa'i ba, kuma Rufa'i ya gode masa a zuci.

Alƙali ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Shanu sun ƙetara iyaka, wannan ba musu. Amma doka ba ta ce duk abin da ya ƙetara ba, ta ce abin da ya ƙetara domin fatauci. A nan ban ga mai saye ba, ban ga mai sayarwa ba, ban ga lada ba. Ɗan'uwa ya zo yi wa ƙanwarsa huɗa, 'ya tana aika wa ubanta gero. Wannan zumunci ne, kuma ban ga inda aka hana shi ƙetara rafi ba. Na sallame shi, a ba shi shanunsa. Sai dai nan gaba, in zai shigo, ya biya ta wajen mai gari a san da zuwansa, don kada a sake wahalar da juna."

Tun a bakin kotu Rufa'i ya kira gida, yana magana yana haɗa kalmomi don murna.

"Baba, an sallame shi! Alƙali yac ce ba laifi ba na, ko baɗi, ko baɗin waccan! Ga mu nan bisa babur yanzu!"

"Alhamdu lillahi." Muryar ta yi ƙasa ƙwarai fiye da jiya. "An yi huɗar?"

"Wace huɗa kuma, Baba?"

"Ƙasa na da danshi yau. In ta bushe, shi ke nan, marayu sun rasa shekara. Shanu su je aiki su komo ba su yi ba?"

Rufa'i ya dubi Lawwali, ya dubi Zulaihat, ya dubi babur ɗinsa. Rabonsa da riƙe garma tun kafin ya tafi kwalejin horon malamai, kuma ko a lokacin ba a yabe shi ba. Ya zaro makulli ya danƙa wa Lawwali.

"Ɗauki ƙanwarka ku tafi. Kada ku tsaya ko'ina. In kun kai rafi ku tura shi, ba shi son ruwa."

"Malam, huɗar fa?"

"Ka ji an ce ba a iya ba? Tafi!"

Ba a iya ba ɗin kuwa. Maƙwabtan Zulaihat suka taimaka aka ɗaura wa bijiman karkiya, wani ƙanen mijinta ya kama igiya a gaba, Malam Rufa'i ya tuɓe riga ya kama garma. Duna ya ja gabas, Jatau ya ja inda ya ga dama, garma ta yi ta tsalle tana neman haƙarƙarinsa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna yi masa sannu da aiki da wata irin murya. Tafin hannunsa ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe. Amma kafin rana ta yi ja ya kai ƙarshen gonar, ya zauna a kan kunya yana haki.

Waya ta yi ƙara. Zulaihat ce, ta ce sun isa tun azahar, ga Baba yana son magana.

"Rufa'i, an gama?"

"An gama, Baba."

"Kunyoyin sun miƙe?"

Rufa'i ya waiwaya ya dubi aikinsa. Amsa mai daɗi ta zo masa har bakin harshe, irin wadda ba ƙarya ba ce sosai, don akwai kunya ɗaya can gefe da ta ɗan miƙe. Ya haɗiye ta.

"Sun karkace, Baba. Dut sun karkace. Awa hanyar maciji."

Sai ya ji wani sauti da ya daɗe bai ji ba. Tsohon dariya yake yi, ƙarama, tana haɗuwa da tari.

"Ba komai. Gero za ya fito. Allah shi yi maka albarka, maƙwabci."

Da sassafe ya koro bijiman ya kamo hanya. Ya biya ta ƙofar mai gari ya yi sallama, sannan ya ƙetara rafin da hantsi, a fili, ba waiwaye. Tun daga bayan gari Duna ya fara sauri yana kuka, don ya ji ƙanshin gida. Da suka shigo lungu sai Rufa'i ya ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, mutane zaune jeri, ana ta shigowa da butoci.

Ya tsaya cik, igiya a hannu.

Najiba ce ta leƙo ta saman katanga, idonta jawur. "Bayan sallar asuba, Malam. Cikin sauƙi. Kanai bisa cinyar Lawwali."

"Sun yi magana?"

"Jiya da sunka shigo, ya daɗe shina kallonai. Sai yac ce, 'Lawwali, ka komo?' Da sunanai, Malam. Kowa ya ji. Lawwali ya duƙe nan ya yi ta kuka awa yaro."

Rufa'i ya ɗaure bijiman a turkensu. Ya yi alwala, ruwa na shiga fasassun ƙurajen tafinsa yana zafi. Da aka fito da makara ya shiga sahu da taɓon gonar Tungar Dunya har gwiwa, ba wanda ya ce masa ya je ya sauya kaya. Ya yi kuka, kuma bai ɓoye ba, don ya san ba zai sake samun maƙwabci irin wannan ba.

Damina ta yi kyau a shekarar. Bayan kaka, wata ranar Alhamis da yamma, Rufa'i na dawowa daga makaranta ya tarar da jaki a lungu, ƙafafunsa da sauran danshin rafi, ƙanen mijin Zulaihat na sauke kaya. Dami biyu ne na gero. Mai jakin ya ɗauki ɗaya ya shiga da shi zauren Baba Ubaidu, ya ajiye a inda tabarmar take a da. Ɗayan kuma ya jingine shi a jikin gajeriyar katangar, ta ɓangaren Rufa'i.

Rufa'i ya zaro zangarniya guda ya juya ta a hannu. Doguwa ce, cike da ƙwaya, a miƙe sar. Daga cikin gida Najiba ta fara jawo turmi.